Abin Hawan da Za Ka Tanada Idan Duniya Ta Rikice

Tun kafin mu yi nisa, bari mu cire abu ɗaya daga lissafi. Ranar da aka busa ƙaho babu motar da za ta fitar da kowa. Guzurin wannan rana daban ne, malamai kuma sun fi ni saninsa. Ni bakanike ne, maganata a kan rikicewar da ɗan Adam yake iya rayuwa a cikinta ce: a wayi gari gidajen mai a rufe, babu wuta, babu sabis a waya, banki ba ya ba da kuɗi, tirelolin da ke hauro da kaya daga Legas sun daina zuwa, kuma babu wanda ya san ranar da lamarin zai daidaita. Ko yaƙi ne ya kawo shi, ko annoba, ko ambaliya, a gareji tambayar ɗaya ce. Wane abin hawa ne zai kwashe maka iyali ya kai su inda akwai ruwa da hatsi, sannan bayan wata shida a same shi yana ci gaba da aiki?

Mu nan ba sai mun jira fim ɗin Amurka ya nuna mana ba, mun ɗanɗana gutsure-gutsurensa. A watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a Zamfara, aka hana sayar da mai a jarka. A farkon 2023 takardar kuɗi ta ɓace, mutum yana da miliyoyi a asusu amma ba shi da na cefane a aljihu. Ranar 29 ga Mayu na wannan shekarar aka ce tallafin mai ya tafi, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki. A Satumba na 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya shanye babban ɓangare na Maiduguri, manyan motocin soja da kwale-kwale ne suka riƙa fito da mutane. Ka haɗa waɗannan huɗun su zo lokaci guda su ƙi tafiya, to shi ne halin da muke shiryawa.

Fara da biro da takarda

Kada ka fara zuwa wurin dillali. Zauna ka rubuta abu uku: ina za ka, mutum nawa za ka ɗauka, kuma wace hanya za ka bi idan babban titi ya toshe. Wanda bai san inda zai nufa ba, ko Land Cruiser sabuwa fil aka ba shi, yawo zai yi har mai ya ƙare. Yawancinmu wurin gudunmu ƙauyen kakanni ne, kilomita 50 ko 100 ko 200 daga birni. Wannan tazarar ce za ta zaɓa maka abin hawa, ba hoton da ka gani a Facebook ba.

Daga nan sai lissafin mai, wanda a nan ne mafarkin mutane da yawa yake wargajewa. Land Cruiser mai injin dizal, idan ta ɗauki kaya, tana shan kusan lita 13 a kilomita 100 a kan kwalta, a cikin rairayi kuwa tana iya dosar 20. Duro guda na lita 200 zai ba ka kimanin kilomita 1,500 a hanya mai kyau. Daga Kano zuwa Maiduguri kusan kilomita 600 ne, wato zuwa da dawowa ɗaya da ɗan canji, duro ya tashi. Wannan lita 200 ɗin, in fetur ne ka zuba wa babur Boxer mai yin kilomita 40 ko fiye a lita, kana maganar kilomita 8,000. Ka riƙe wannan bambancin a ranka, za mu dawo kansa.

Fetur yana mutuwa, mutane ba su cika sani ba

Fetur ba ya ajiyuwa. A zafi irin namu, bayan 'yan watanni sassan da suke saurin kama wuta sun tsere ta iska, abin da ya rage ya canza wari, ya fara barin danƙo a cikin kafireta da nozul. Duk wanda ya taɓa ajiye janareto tun daga ƙarshen bazara ya zo tayarwa bayan damina ya san abin da nake faɗa. Dizal ya fi haƙuri, yana iya shekara ko fiye idan duron a rufe yake ruf, a inuwa, ruwa bai shiga ba. Abokin gabarsa ruwa ne: da zarar ya taru a gindin duro, wata baƙar dauɗa mai yauƙi take tsirowa ta toshe filta. Saboda haka kada ka zuƙi mai daga can ƙasan duro, kuma ka tace shi da kyalle mai tsabta kafin ya shiga tanki.

Wannan shi ne dalili na farko da ya sa nake cewa in mota ce, a nemi mai dizal. Na biyu ya fi shi daɗi. A baje kolin birnin Paris na 1900 an tayar da injin dizal da man gyaɗa zalla, ya yi aiki. Tsohon injin dizal har gobe yana iya shan man girki idan an tace shi sosai, an ɗumama shi ya saki, ko an gauraya shi da dizal ko ɗan kananzir. Man da mai ƙosai ta gama suya da shi, man 'ya'yan bini-da-zugu, man 'ya'yan darbejiya, duk suna ci. Tsofaffin Mercedes na shekarun 1970 da 1980 su ne gwanayen wannan, domin famfon mansu mai jeri ne, yana jure kauri. Famfon Toyota mai juyawa bai kai su haƙuri ba, shi sai ka tayar da dizal, injin ya yi zafi, sannan ka juya masa man girkin, kafin ka kashe kuma ka sake mayar da shi kan dizal ya wanke layi. Amma kada kowa ya ɗauka an samu rijiyar mai a bayan gida. A lokacin yunwa man gyaɗa abinci ne, uwargida ba za ta zuba ido ka juye shi a tanki ba, kuma ita ce da gaskiya. Dabara ce ta fitar da mara lafiya zuwa gari na gaba, ba ta yawo ba.

Motar iskar gas kuwa, wadda ake ta yi wa mutane juyi yanzu, tana da sauƙin kuɗi a zaman lafiya, amma ranar da tashar cika ta rufe babu ɗan bumburutun da zai sayar maka da ita a galan. Idan ka yi juyin, kada ka bari a cire layin fetur.

Injin da ba ya shawara da kwamfuta

Da tsohuwar zuma ake magani. Motar zamani tana da ƙwaƙwalwa, tana da sansa a kowane lungu, ɗaya ya mutu sai ta ƙi tashi ko ta riƙa rarrafe, kuma ba za ka san wanne ne ba sai an jona mata na'ura. Sabbin injinan dizal masu matsa mai da ƙarfin gaske ba sa yafe gurɓataccen mai, cokali kaɗan na ruwa ya isa ya kashe nozul ɗin da kuɗinsu ya kai na babur. A ranar da muke magana a kai, gurɓataccen mai shi kaɗai za a samu.

Abin da za ka nema shi ne injin da famfon mansa na ƙarfe ne zalla. A gidan Toyota, sarkinsu shi ne 1HZ, mai silinda shida, lita 4.2, ba shi da tabo (turbo), wanda aka fara yi a 1990 ana sa wa Land Cruiser samfurin 70. Ba shi da gudu, in ka taka shi a hawa sai ka yi ta salati, amma shi ne yake ratsa hamadar Tenere daga Agadas zuwa Dirku ɗauke da kaya har sama. A tsofaffin Hilux da Hiace akwai 2L da 3L da 5L. Ka lura, wanda aka rubuta wa 5L-E an riga an sa wa famfonsa lantarki, ba ɗaya suke da 5L zalla ba. Irin waɗannan injina da zarar sun tashi, wutar da suke nema ita ce 'yar wadda za ta riƙe bawul ɗin mai a buɗe, shi ke nan.

Giya kuma ta hannu, babu ja-in-ja. Batir shi ne abu na farko da zai ci amanarka, domin in ya zauna babu caji na 'yan watanni ya tafi ke nan. Mai giyar hannu a tura ta a gangare a saki kuloci a giya ta biyu, ta tashi. Otomatik in batir ya mutu ta zama rumfa. Ka saba yin fakin da hancin mota yana kallon gangare, ka kuma sayi ƙaramin faifan sola ka jona wa batir, wannan kuɗi kaɗan ne mai ceton rai.

Matsalar Hilux

Kowa ka tambaya Hilux zai ce maka, kuma ba su yi ƙarya ba. A 1987 sojojin Chadi a ƙarƙashin Hassan Djamous sun shiga Fada da Wadi Dum a kan akori-kurar Toyota, suka tarwatsa rundunar Libiya mai tankokin yaƙi da jiragen sama, har duniya ta sa wa yaƙin sunan motar. Tun daga lokacin babu wani mai ɗauke da bindiga tsakanin Sudan da Mali da bai san darajarta ba. To a nan gizo yake saƙa. Motar da kowane ɗan bindiga yake so, ita ce motar da za a fara sauke ka daga kanta. Soja zai ce ta gwamnati ce yanzu, ɗan daji zai ce rabonsa ne, kai da iyalinka ku ƙarasa a ƙafa, in an bar ku. Fara ƙal mai baƙin gilashi kuwa ko daga nesa an san akwai abin samu a ciki.

Idan kana da halinta, saye ta, amma ka sayi tsohuwa, ka bar mata tsatsarta da lotsewarta, kada ka yi mata fenti, kada ka sa mata fitilun ado da ƙarfen gaba mai walƙiya. Ka zuba kuɗinka a ƙarƙashinta inda ido ba ya gani. A ɗora mata buhunan dusa da tabarmi da akuya, ta yi kama da motar cin kasuwar ƙauye.

Ni a ganina, ga mai matsakaicin ƙarfi, akwai tambayar da ta fi "wacce ta fi ƙarfi" amfani: wace mota ce gawarta ta fi yawa a yankinku? Idan kaya suka daina shigowa, shagon kayan gyaranka shi ne motocin da suka mutu a bakin hanya da na Ƙofar Ruwa da Panteka. Je tashar garinku ka tsaya ka ƙirga. A yawancin tashoshin Arewa za ka ga Golf 3 da Sharan da Hiace ne suke cin ƙauyuka. Golf ƙasa-ƙasa take, amma direbobin karkara sun daɗe da gano yadda ake ɗaga mata sifirin, kuma babu garin da za ka shiga ka rasa yaron da zai kwance ta ya ɗaura da ido a rufe. A da wannan matsayi na Peugeot 504 ne, wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna tun daga 1975. Mai akori-kurarta har yanzu in ka same ta da rai abin riƙewa ce, kafireta ce, waya kaɗan, sai dai kayanta sun fara wuya, ka sayi biyu ɗaya ta zama ta yanka. Wanda ya je ya sayo wata baƙuwar mota mai sulke wadda babu irinta a jiharsu, ranar da fanbel ɗinta ya tsinke ranar tafiyarsa ta ƙare.

Ja da ƙafa huɗu yana da amfani a rairayi da taɓo, amma tsayin ciki daga ƙasa ya fi shi muhimmanci a yawancin hanyoyin burji da burtali. Sifirin na falle-falle ya fi na murɗe, domin in falle ɗaya ya karye maƙerin ƙauye zai iya yi maka dabara.

Yadda za ka duba ta kafin ka biya

Ka ce wa mai ita da asuba za ka zo, kuma kada a tayar kafin ka iso. Da isarka ɗora hannu a kan injin. In ka ji ɗumi, an riga ka, akwai abin da ake ɓoyewa, ka dawo gobe. Injin dizal mai lafiya yana tashi a sanyi ba tare da dogon kuka ba. Ka zagaya baya ka kalli salansa: hayaƙi mai shuɗi-shuɗi yana nufin tana ƙona baƙin mai, fari wanda ya ƙi ɗaukewa bayan ta yi zafi ruwa ne yake shiga ko nozul sun gaji, baƙi kuwa sau da yawa filtar iska ce ko saitin famfo, wannan mai sauƙi ne. Tana cikin aiki ka buɗe murfin baƙin mai. In tana huro hayaƙi da ƙarfi har murfin yana rawa a hannunka, ringin sun cinye. Ka duba cikin murfin, in ka ga abu mai kalar shayi da madara, ruwa ya haɗu da mai, gaskit ya tafi. Lagireto kuma a sanyi ake buɗe shi, kada ka kuskura a zafi, ka duba ko ruwan yana tsatsa ko yana tasowa da kumfa.

Sannan ka shimfiɗa kwali ka shiga ƙarƙashi da tocila da ƙaramar guduma. Shasi kake nema. Motocin da suka zo ta Kwatano daga ƙasashen ƙanƙara gishirin hanya yakan cinye su ta ciki, a shafe da baƙin fenti. Ka ƙwanƙwasa, ƙarfe mai lafiya yana amsawa da ƙara, ruɓaɓɓe kuwa shiru yake yi ko ya zubo da gari. Injin ana canzawa, shasi in ya tafi mota ta tafi. In 1HZ ce ko ɗaya daga cikin injinan L ɗin nan, da ka biya ka canza bel ɗin tayimin ko da mai ita ya rantse jiya ya sa, domin in ya tsinke a tafe bawul da fistin ne za su gwabza.

Taya ita ce abu na biyu da zai tsayar da kai bayan mai. A gefen kowace taya akwai lamba huɗu a cikin ɗan zagaye: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na 2019. Tayar gwanjo tana iya zuwa da zane mai kyau alhali ta shekara goma, robar ta bushe, rana ɗaya a kan kwalta mai zafi ta fashe. Ka nemi girman da motocin haya suke amfani da shi a yankinku, ka riƙe safaya biyu, ka sayi tub ko da tayoyinka marasa tub ne, domin tayar da ƙaya ko ƙarfe ya yaga gefenta tub ne kaɗai zai sake tayar da ita. Kayan faci da famfon iska na ƙafa su zauna a mota. Ka je wurin mai faci ka biya shi ya koya maka cire taya daga kan rim da ƙarfe biyu, aikin yini ɗaya ne.

Sauran kayan ba su da yawa: fanbel, filtar mai guda uku ko huɗu, tiyon lagireto na sama da na ƙasa, galan na baƙin mai, man birki, waya, fiyus, sifanu, jak da katakon da za a ɗora shi a kai, shebur, gatari, igiya mai kauri. Ruwa kuwa ya fi duk waɗannan. Lita ɗaya kilo ɗaya ce, mutum ɗaya a zafin bazara yana bukatar lita 4 zuwa 5 ta sha kawai a yini, lagireto ma yana da nasa rabon. Kafin ka ɗora talabijin, ƙirga jarkoki.

Jarkar fetur ba ta kwana a ɗaki, ba ta zama kusa da madafa ko janareto. Kuma duk tsananin rashin mai, in tanka ta faɗi ka yi nesa. A Majiya ta jihar Jigawa, a watan Oktoba na 2024, fiye da mutum 150 ne suka rasu wurin ɗibar man tankar da ta kife. Allah ya jiƙansu.

Abu biyu game da tuƙin kansa. In ka shiga rairayi, rage iskar taya har ta yi ɗan tumbi, kusan rabin yadda take a kwalta, ka tafi a giya ta biyu ba tare da tsayawa ba, ka mayar da iskar da ka fita. In ruwa ne mai gudu ya yanke hanya, kada girman mota ya ruɗe ka: zurfin santimita 30 yana ɗaga ƙaramar mota, 60 yana tafiya da akori-kura. Injin dizal kuma in ya zuƙi ruwa ta hancinsa, sandunan fistin ne suke lanƙwashewa nan take. A sauka a auna da sanda, in ruwan ya kai gwiwa yana ja, a jira.

Babur

Mu koma kan lissafin nan na kilomita 8,000. Ga mutum ɗaya ko biyu, ko magidanci mai ƙaramin iyali da tafiyarsa ba ta wuce yini ba, Boxer ta fi kowace mota. Tana tashi da ƙafa ko babu batir, kafireta ce da za ka wanke a kan tabarma, tana bin hanyar ƙafa tsakanin gonaki, in gada ta karye mutum uku su ɗaga ta su sa a kwale-kwale. Kayanta kuwa har a ƙauyen da babu kemis akwai mai sayar da filogi da kaca. Ka tanadi kaca da haƙoranta, wayar kuloci da ta totur, filogi, tub, da ƙaramin akwatin wutar nan da in ya ƙone babu gyara sai canji.

Aibinta biyu ne. Fetur take sha, fetur kuma mun ce ba ya daɗewa. Na biyu, a ƙasarmu babur ya riga ya yi baƙin suna. An hana hawansa a Maiduguri tun 2011, an hana a sassan Tillaberi da Diffa na Nijar, an taƙaita shi a ƙananan hukumomi da dama na Zamfara da Katsina. A ranar tashin hankali, mutum uku a kan babur ɗaya sun fito daga daji, mai tsaron shinge ba zai tsaya tambayar sunan unguwarku ba. Kada ku yi ayari, kada a rufe fuska da rawani in an doso shinge, a kashe injin daga nesa a turo shi.

Keke, wanda ake rainawa

Wata shida bayan mai ya ƙare, duk abin da na lissafa a sama ya zama wurin kwanan kaji. Abin da zai rage yana yawo shi ne keke. A 1954, a yaƙin Dien Bien Phu, 'yan Biyetnam sun yi jigilar shinkafa da harsasai ta cikin duwatsu a kan kekuna da suka ƙarfafa da katako, keke ɗaya yana ɗaukar kilo 200 ko fiye. Ba hawa suke yi ba, sanda suke ɗaurawa a kan hannun keken su tura. Da wannan suka ciyar da rundunar da ta kayar da Faransa. Masu kawo itace da gawayi cikin gari a kan keke ba su karanta wannan tarihi ba, amma dabarar ɗaya ce.

Ka nemi baƙin keken nan na ƙarfe irin na dattawa, Raleigh ko Phoenix, mai birkin sanda, marar giya, mai kariya mai faɗi a baya. Na zamani mai giya ashirin da jikin alminiyom in ya karye mai walda na bakin titi ba zai iya ɗinke shi ba. Lafiyayyen mutum yana yin kilomita 60 zuwa 80 a yini ba tare da ya wahala ba, babu ƙara, babu wanda zai tare ka don ya ƙwace shi alhali ga masu motoci. Rauninsa roba ce: ka sayi tayoyi da tub da yawa ka ajiye a wuri mai duhu da sanyi, rana ce take cinye su. In kana da akori-kura, keke biyu su hau bayanta kafin katifa.

A nan ne kuma lantarki yake da ma'ana. Faifan sola na wat 400 zuwa 500 yana tara kusan kilowat-awa 2 a yini mai rana. Motar lantarki tana yin kilomita 5 zuwa 6 da kilowat-awa ɗaya, wato faifai guda zai ba ta kilomita goma da ɗan wani abu. Keken lantarki kuwa da wannan wutar zai haura kilomita 100. In batirinsa ya gaji bayan 'yan shekaru, ka cire shi ka ci gaba da taka feda.

Masu cin ciyawa

Kakanninmu fatake sun yi ta kai kaya daga Kano har Salaga a ƙasar Gwanja su dawo da goro, tafiyar watanni, a kan jakuna. Jaki yana ɗaukar kilo 50 zuwa 60 a mangala ya yini yana tafiya, in an ɗaura masa amalanke ya ja ninkin haka sau da yawa. Yana cin abin da ya samu, kuma abin hawa ne da yake haifar wani. Sai dai ya yi tsada yanzu saboda cinikin fatarsa zuwa Sin, abin da ya sa Nijar ta hana fitar da shi a 2016, Tarayyar Afirka kuma ta haramta yanka shi don fata a 2024. In za ka saya a Maigatari ko Mai'aduwa, tafi da wanda ya san haƙori da kofato, ka ɗaga akumari ka duba bayansa ko akwai gyambo. Jaka ta fi jaki in kana duban gaba.

Raƙumi sai wanda ya nufi arewa. Yana ɗaukar kilo 150 zuwa 200, yana yin mako bai sha ruwa ba, har yau ayarin gishiri yana zuwa Bilma da Fashi da shi. Amma a taɓon damina santsi yake kayar da shi, a kudu sammore yake kashe shi, kuma ɗan birnin da bai taɓa durƙusar da raƙumi ba kada ya fara koyo ranar gudu. Dabba ma tana da nata gidan man: a farin 1973 da na 1984 garke-garke ne suka ƙare saboda babu ciyawa babu ruwa. Wanda yake zaune a bakin Kwara ko Binuwai ko fadamar Hadeja, shi kuma ya san kwale-kwale da sandar tuƙi sun fi masa duk abin da na ambata.

Kada a ajiye ta sai ranar

Motar da aka rufe da tamfol ana jiran ranar tsiya ba za ta tashi a ranar ba. Ɓera zai ci waya, birki zai kama, taya za ta zauna a gefe ɗaya. Ka riƙa hawanta kowane mako har injin ya yi zafi sosai. Tanki kada ya sauka ƙasa da rabi, wannan yana rage gumin ruwa a ciki, yana kuma nufin kullum kana da rabin tafiya a hannu. Man da ka tanada ka riƙa juya shi, ka zuba tsohon a mota ka cika jarka da sabo, ka rubuta wata a jikinta da alli. Takardun mota da katin shaidar kowa su zauna a leda ɗaya, da kuɗi a hannu ƙananan takardu, domin ranar ba za a yi tiransifa ba.

Hanyar ma a gwada ta. Wata Asabar ka ɗebi iyali da kayan da ka rubuta, ka bi ta bayan gari zuwa ƙauyen, ba ta babban titi ba, ka yi haka sau ɗaya da rani sau ɗaya a tsakiyar Agusta, domin hanyoyi biyu ne daban. Ka rubuta sunayen garuruwan da ka ratsa da inda rijiya take a takarda, taswirar waya ba za ta buɗe ba. A dawowa ka sauka daga kujerar direba ka miƙa wa uwargida ko babban ɗanka makulli. In kai ne aka kwantar a baya da zazzaɓi ko rauni, dole a samu wanda zai iya tayar da ita a tura, ya sa giyar baya, ya canza taya. Filin ƙwallon makarantar firamare da yamma ya isa wurin koyo, a fara da sakin kuloci a giya ta ɗaya ba tare da taɓa totur ba, injin dizal ba ya saurin mutuwa a hannun ɗan koyo.